Wake ko waken suya: wanne za ki ajiye idan 'yarki ta daina cin nama?

Hajiya, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce 'yarki ta dawo daga karatu a Indiya ta daina cin nama da kifi da ƙwai, har nono da man shanu ma ba ta taɓawa, ke kuma ba kya son a riƙa ɗora tukunya biyu a gida ɗaya. Ga kaka ta yi, kuɗin hannunki na sayen abu ɗaya ne da yawa, shi ne kike tambaya ko wake za ki ajiye ko waken suya.

Ni dai shawarata, ki ajiye wake, waken suya kuma ki riƙa sayensa tiya-tiya. Suna ne kawai ya haɗa su, amma aikinsu a tukunya daban ne.

In a takarda za a yanke hukunci, waken suya ne a gaba. A cikin giram 100 na busasshensa akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 36, ga mai kusan giram 20. Waken namu kuwa furotin ɗinsa kusan giram 24 ne, mansa bai kai giram 2 ba, mafi yawan sauran sitaci ne. Shi ya sa wake yake ƙosarwa kamar hatsi, shi kuma waken suya ya fi kusa da nama. Sai dai ba busasshe ake ci ba. Da zarar an mayar da shi awara ruwa ya shiga, furotin ɗin giram 100 ya koma tsakanin 8 zuwa 16 gwargwadon yadda aka matse ta, dafaffen wake kuma yana da kusan 8. Kin ga a faranti tazarar ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Kuma ɗan abin da furotin ɗin wake ya rasa, hatsi yana da shi, abin da hatsi ya rasa wake yana da shi. Duk ranar da kika zuba wa yara garau-garau, wannan haɗin kika yi. Can Indiya ma da 'yar taki ta zauna, abincin talaka da mai kuɗi shi ne shinkafa ko gurasarsu da romon dangin wake, don haka ba baƙon abu za ki ba ta ba.

Abin da ya sa na fifita wake shi ne, shi abinci ne da kansa tun daga buhu. Ki tsince, ki wanke, ki ɗora, cikin minti arba'in zuwa awa ɗaya ya yi laushi. Ki duba yawan girkinmu da aka gina a kansa, waɗanda tun asali babu nama a cikinsu: shinkafa da wake da mai da yaji, ɗan wake, alala, ƙosai, tubani, faten wake, miyar wake a kan tuwon shinkafa, wake da dankalin Hausa, wake da doya. Babu wanda zai zauna gaban kwanon ɗan wake da ya sha man gyaɗa da soyayyiyar albasa da yajin ƙuli, an yanka masa kabeji da tumatir da kokwamba, ya ce ina nama. Ƙwan da ake ɗorawa a kai ado ne na baya-bayan nan, ki cire shi ba abin da ya ragu. Haka alala: kifi da ƙwai ƙari ne, in markaɗen ya ji albasa da tattasai da attaruhu da manja, aka buga shi sosai kafin a ƙulla, ita kaɗai ta isa. Wannan yana da muhimmanci a gidanki, domin maigida da sauran yara ba su ce sun daina cin nama ba. Abincin da suka saba da shi ne kaɗai za su ci ba tare da sun ji kamar an tauye musu wani abu ba.

Bari in ba ki faten waken da nake yi, don shi ne ya fi fitar da ni kunya. Wake gwangwani huɗu, a jiƙa shi kamar awa uku a zubar da ruwan. A dafa da albasa guda har ya fara fashewa. A wata tukunyar a soya albasa babba a manja, a bar ta a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja, kada a yi gaggawa a nan domin daga ita zaƙin yake fitowa. Sai a zuba dakakkiyar daddawa a cikin man ta soyu minti ɗaya ko biyu, sannan jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir. In ya soyu a juye a kan waken, a sa gishiri da citta da ɗan kanumfari, a jefa kabewa yanka-yanka ta narke ta ɗaure romon. Alayyafo shi ne na ƙarshe, a zuba da yawa, a rufe minti uku a sauke. Ranar da babu alayyafo zogale ya yi, ranar da ake son ɗan tsami a haɗa da yakuwa. Kanwa kuwa ki rage hannu da ita. Tana sa wake saurin nuna, gaskiya ne, amma tana kashe wasu bitamin na rukunin B da ke cikinsa. Jiƙon da kika yi ya riga ya yi miki rabin aikinta, kuma zubar da ruwan jiƙon yana rage kumburin cikin da mutane ke gudun wake dominsa.

Waken suya ba haka yake ba. In kika ce za ki dafa shi ƙwaya-ƙwaya kamar wake, zai cinye miki gawayi awa uku ko fiye, ya fito da wani ƙarni da yara ba sa so. Ba a kuma cinsa da ɗanye-ɗanye, domin yana ɗauke da wani sinadari mai hana jiki narkar da furotin, wanda zafin wuta ne ke kashe shi. Saboda haka hanyarsa zuwa faranti sai ta bi ta awara ko madara, ita kuwa awara aikin yini ce. A tsince shi tsaf, nan ne karin maganar wake ɗaya ke ɓata gari take zama gaskiya, don ruɓaɓɓu kaɗan sun isa su canja ƙamshin tukunya. A jiƙa awa shida zuwa takwas. Da bazara ki rage, ni na taɓa barinsa ya kwana a ruwa cikin watan Afrilu, da safe ya yi tsami, awarar ta ƙi haɗuwa, tiya guda ta tafi a banza. Bayan jiƙo a kai markaɗe, a ƙara ruwa, a tace da ƙyalle, a ɗora madarar a wuta ana tsaye a kanta domin kumfarta tana tasowa lokaci ɗaya ta zube. In ta tafasa sosai sai a rage wuta a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na kamu da ya kwana biyu ko na tsamiya ko lemon tsami, har ta dunƙule ruwan ya koma garai-garai. A kwashe a ƙyalle, a sa gishiri da jajjage in ana so, a ɗaure a ɗora dutse ko turmi ta tsane. Sai bayan duk wannan za a yanka a soya. Ga wankin tukwane, ga dusa. Uwar gida mai aiki ko mai ƙananan yara ba za ta iya wannan kullum ba, kuma ɗanyar awara ba ta wuce yini ba tare da firij ba.

To me ya sa ban ce ki rabu da shi gaba ɗaya ba? Domin akwai abu ɗaya da awara ke yi wanda wake ba zai taɓa yi ba: ana yanka ta, ana soya ta, ana tauna ta. Wake yana cika ciki, amma miyar da aka saba tsamo wani abu a cikinta, in aka zura cokali ba a ci karo da komai ba, sai a ji ta fayau. Gurbin tsokar nan awara ce ke cike shi. Ki soya ta har bayanta ya yi ƙarfi, ki jefa a miyar taushe ko miyar alayyafo ko jar miya minti goma kafin saukewa, ta tsotse romon. In kuna samun wuta, ki gwada sa ta a firiza ta daskare, sannan ki fito da ita ta saki ki matse. Ruwan da ya zama ƙanƙara yana barin ƙananan ramuka a cikinta, sai ta yi tauri mai daɗin tauna, ta sha miya kamar soso. Ana kuma shafa mata mai da garin ƙuli da yaji a gasa ta a tsinke kamar tsire. Abin lura ɗaya, mai awarar unguwa wani lokaci tana tsoma ta a ruwan ƙwai kafin suya, don haka in saya za ki yi wa 'yarki ki tambaya.

Dusar ma ba ta awaki kaɗai ba ce. Ludayi ɗaya a ƙullun ƙosai ko a miya yana shigewa, muddin ya dahu.

Wajen ajiya kam waken suya ya fi kwanciyar hankali, ƙwari ba su cika damunsa kamar yadda suke damun wake ba. Shi wake in kika bar shi a buhun kasuwa, kafin wata biyu zuwa uku za ki tarar ya huje ya zama gari. Wannan ne ya sa wasu 'yan kasuwa ke barbaɗa masa maganin ƙwari, har ta kai a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda ragowar wani magani mai suna dichlorvos da aka samu a jikinsa. Ina roƙonki kada ki sa wa abincin iyalinki ko ɗigo. Ki sayi sabon wake yanzu da kaka, ki shinshina ki tabbatar babu warin magani, ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In an ɗaure kowane hawa da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu. Jarka mai tsabta da aka cika taf aka toshe bakinta ita ma tana wannan aikin. Ki ware na cin wata ɗaya a wani mazubi don kada a riƙa buɗe babban kullum. Farashi kuma ba na kawo miki lamba, amma kin san wake yana sauka da kaka ya hau kafin damina, kuma abu ne na ƙasarmu, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye da ita. Waken suya da kike buƙata kaɗan ne, tashin farashinsa ba zai girgiza cefanenki ba.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba amma zai taso. Abin da baki ke nema in an cire nama ba furotin ba ne, ɗanɗanon romo ne. Maganinsa daddawar kalwa, ko ta batso irin wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke yi da 'ya'yan yakuwa, sai soyayyiyar albasa, busasshen tumatir, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Miyar kuka da ta ji daddawa da garin wake ba ta roƙon ƙashi. A kan tuwo, man gyaɗa da aka soya da albasa ya tsaya a wurin man shanu. Ki duba bayan kwalin dunƙulen ɗanɗano, wasu akwai kaza ko kifi a ciki. Gyaɗa da ƙuli kuma ki zaɓi masu kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, domin gubarta tana cutar da hanta. Yanzu da sanyi ke shigowa kayan lambu za su yi araha, tumatirin Kadawa da Kura, kabeji da karas na Jos, albasar Aliero da Galmi, ki yi amfani da lokacin ki shanya abin da za ki iya.

Game da lafiyar yarinyar, abu biyu. Sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini yana nan a wake da awara da ganye, amma jiki bai cika zuƙarsa kamar na nama ba. Matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale ko cin ɗanyen tumatir tare da abinci yana taimakawa, shan shayi a kan abincin kuma yana ragewa, don haka ta ba da tazarar awa ɗaya. Na biyun ya fi nauyi: bitamin B12 babu shi a wake, babu shi a waken suya, babu shi a zogale. Yawancin masu ƙin nama a Indiya suna shan madara, ta nan suke samu, ita kuwa ta bar madarar ma. Rashinsa ba ya nunawa da wuri domin hanta tana ajiye na shekaru, amma in ya ƙare yana jawo ƙarancin jini da mutuwar jiki da jin kamar ana tsira allura a hannu da ƙafa, kuma yana iya taɓa jijiyoyi. Ki sa ta ga likita ya rubuta mata ƙwayarsa, musamman ita mace da gobe za ta ɗauki ciki ta shayar. Wannan kada ki bari ya kwana.

In gidanku mutum bakwai ne ko takwas, rabin buhun wake zai kai ku nesa. Waken suya ki sayi tiya biyu ko uku, ki ware Asabar ki yi awara ke da ita, tun da dominta ake yi gara hannunta ya saba. Ku ci rabi da yamma da yaji da kabeji, ragowar a soya a ajiye don miyar taushen Lahadi.