Takalmin gudun fanfalaki: mai katifa ko mai siririn tafi?

Mai shiga gudun fanfalaki na kilomita 42.195 zai taka ƙasa fiye da sau dubu 30 kafin ya kai layin ƙarshe, ban da ɗaruruwan kilomitocin da zai ci a atisayen wata huɗu ko biyar. Masu gudu na sha'awa da yawa sun ji labarin gudu ba takalmi, ko da takalmi mai siririn tafi wanda ke barin ƙafa ta ji ƙasa, suna tunanin ajiye kambas ɗinsu. Kafin a zaro kuɗi, a duba abu biyu: wata nawa ya rage kafin gasa, da irin hanyar da ake atisaye a kanta.

Awo uku ne ke raba takalman gudu. Akwai kaurin tafi, wato abin da ke tsakanin ƙafa da ƙasa. Akwai ratar dunduniya, wato yadda dunduniyar takalmi ta fi gabansa tudu. Sai faɗin gaba, inda yatsu ke zama. Takalmin gudu na yau da kullum kaurinsa milimita 25 zuwa 40 ne, ratarsa 8 zuwa 12, nauyin wari ɗaya kuma giram 250 zuwa 300. Mai siririn tafi, irin su Vivobarefoot, Xero Shoes, Vibram FiveFingers da Merrell Vapor Glove, kaurinsa yawanci bai kai milimita 10 ba, ba shi da rata ko kaɗan, kuma ana iya nannaɗe shi a hannu. A tsakaninsu akwai irin na Altra, mai katifa sosai da faɗin gaba amma ba rata.

Masu tallar siririn tafi ba sa rasa ambaton Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Roma a 1960 ƙafa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Gaskiya ne. Amma a Tokyo a 1964 da takalmi ya sake ci, kuma ya rage kusan minti uku. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya wallafa bincike kan masu gudu a Kenya da Amurka, ya nuna waɗanda suka saba gudu ba takalmi sukan sauka a gaban ƙafa ko tsakiyarta, kuma bugun farko da ke ratsa jiki ya fi sauƙi. Shekara uku bayan haka wani bincike kan mutanen Daasanach na arewacin Kenya, waɗanda su ma ba sa sa takalmi, ya tarar yawancinsu da dunduniya suke sauka idan gudun ba na sauri ba ne. Ke nan ba wani salon taku guda da za a ce shi ne na asali.

Abin da siririn tafi ke yi shi ne sauya wa nauyi wurin zama. Idan mutum ya koma sauka a gaban ƙafa, gwiwa takan sami sassauci, amma sha-raɓa da agara da dogayen ƙasusuwan da ke bayan yatsu su ne ke ɗaukar kayan. Tsoka tana sabawa cikin makonni. Agara da ƙashi kuwa watanni suke so. Nan ne matsalar take: huhu da zuciya sun riga sun iya kilomita 15, mutum ya ji daɗin sabon takalmi ya yi su, ƙashin ƙafa kuma bai taɓa ganin irin wannan aikin ba. A wani bincike na Jami'ar Brigham Young a 2013, masu gudun da suka koma FiveFingers cikin mako 10 an ɗauki hoton ƙafafunsu, aka ga alamun wahalar ƙashi a fiye da rabinsu. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka kai shi a Amurka kan iƙirarin cewa takalmin yana rage rauni. Wannan bai mai da takalmin marar amfani ba. Yana ƙarfafa ƙananan tsokokin tafin ƙafa, yana sa a rage dogon taku, kuma rashin nauyinsa riba ce, tunda kowane giram 100 a ƙafa yana ƙara wa jiki kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da yake ƙonawa. Sai dai ba maganin ciwo ba ne.

Wani zai ce ai shi da silifas ya tashi, ƙafarsa ta yi kanta. Hakan na taimakawa, domin yatsunsa sun bazu, fatarsa ta yi kauri. Amma kanta fata ce kawai. Tafiya kasuwa daban, gudun kilomita 30 a kan kwalta daban.

Hanya ma tana da nata hukunci. Kwalta da rana tsaka tana ƙona tafi ta cikin roba mai milimita huɗu. Hanyar burji tana da tsakuwa masu kaifi, kuma taka ɗaya a ƙarƙashin yatsu kan bar ƙujewar da za ta hana gudu mako guda. A bakin gona kuwa tsidau na huda siririyar roba, ƙarangiya na maƙale wa safa. Wanda ke shirin gasar Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, atisayensa mafi nauyi zai faɗo cikin hunturu, lokacin faso. Dunduniya mai faso ba ta jure gudu ba katifa, musamman a takalmin igiya irin na Luna ko Xero, waɗanda aka kwaikwayo daga takalmin taya na mutanen Tarahumara na Meziko. Irin wannan yana shan iska da kyau, amma igiyar da ke tsakanin yatsu takan tayar da bororo idan gumi da ƙura suka haɗu.

To wanne za a saya? Idan gasa ta rage ƙasa da wata shida, ko kuma wannan ne fanfalakin farko, a sayi mai katifa wanda gabansa ke da faɗi, a yi atisaye da shi, a yi gasa da shi. Mai fama da ciwon gwiwa wanda agararsa lafiya lau zai iya gwada mai ƙaramar rata, milimita 4 zuwa 6, kafin ya yi tunanin marar rata. Wanda ya taɓa ciwon agara ko ciwon tafin ƙafa mai tashi da asuba ya zauna kan rata 8 zuwa sama. Takalma masu farantin kabon, wato siririn faranti mai tauri da ake sa wa a cikin tafi, irin Nike Vaporfly, suna ƙara sauri amma suna da tsada kuma suna saurin mutuwa, ba su ne abin farawa ba. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta fara rage jin taɓi kada ya yi gudu ba takalmi ko da siririn tafi, domin zai ji rauni bai sani ba.

Siririn tafi a saye shi a matsayin takalmi na biyu, kuma lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan gasa. Mako biyu zuwa huɗu na farko tafiya kawai, kamar minti 30 a rana. Daga nan a ƙara gudun mita 500 a ƙarshen atisaye, sau biyu ko uku a mako, ba a jere ba, a kan fili mai laushi da aka duba babu ƙusa ko fasasshiyar kwalba. A gajarta taku, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki, a bar dunduniya ta taɓa ƙasa bayan gaban ƙafa. Gudu a kan yatsu zalla shi ke kashe sha-raɓa. A haɗa da ɗaga dunduniya a bakin matakala, sau 15 zagaye uku. Tsamin sha-raɓa na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo a wuri guda a saman ƙafa, wanda ke ƙaruwa idan an danna da yatsa, yana iya zama alamar tsagewar ƙashi, a daina gudu a je asibiti. Kai wa ga cikakken fanfalaki da irin wannan takalmi kan ci shekara ko fiye.

A wurin saye, a je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita. A cire shimfiɗar ciki a tsaya a kanta: idan yatsu suka zarce gefenta, takalmin ya matse. A bar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, in ba haka ba farce zai yi baƙi a dogon gudu. Mai sayen gwanjo ya kula ƙwarai da mai katifa, domin kumfar cikinsa takan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa na sheƙi. A ajiye shi a kan tebur a duba ko ya karkace gefe guda, a danna kumfar a ga ko ta yi tamoji ba ta dawowa. Siririn tafi ya fi aminci a gwanjo tunda ba kumfar da za ta mutu, sai dai a ɗaga shi wajen haske a duba ko robar ta side a ƙarƙashin yatsu.