Wata huɗu da SSD ɗin NVMe a kwamfutar aikina

Sana'ata haɗa bidiyon biki, kuma abin da ya fi cinye mini lokaci shi ne kwashe hotuna daga nan zuwa can. Shi ya sa na sayi SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, irin mai saurin nan da ake kira NVMe, mai terabait 1, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana karanta megabait 3,500 a daƙiƙa.

Makon farko raina ya ɓaci sosai. Na saka shi a ɗan gidansa na waje, na jona ta kafar USB, sai ga shi gigabait 64 na cin kusan rabin awa. Har na ɗauka jabu aka sayar mini. Wani abokin sana'a ne ya leƙa bayan kwamfutar ya ce, "Malam, ai a baƙar kafa ka sa." Ashe USB 2.0 ce, fasahar shekarar 2000, wadda iyakarta megabit 480 a daƙiƙa, wato megabait 60, a aikace kuwa da ƙyar take kai megabait 40. Da na koma shuɗiyar kafar, wato USB 3.0, aikin nan bai kai minti uku ba.

Amma ban san abin da na saya ba sai da muka buɗe kwamfutar muka dasa shi a ramin M.2, wato ɗan wurin sa irin wannan SSD ɗin a kan babban allon da ke cikin kwamfutar. Nan bayanai suna bin layuka huɗu na hanyar da ake kira PCIe 3.0, kowanne na ɗaukar kusan gigabait 1 a daƙiƙa, su sauka kai tsaye cikin RAM, inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, ba sai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi dakonsu ɗaya bayan ɗaya ba. Tsohon SSD ɗina mai bin tsohuwar hanyar da ake kira SATA bai taɓa wuce megabait 550 a daƙiƙa ba, don can hanyarsa ta tsaya. Yanzu ina ja da bidiyo gaba da baya ba ya sarƙewa, kuma wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Aibinsa zafi. A watan Afrilu, in aiki ya yi tsawo, yakan rage gudu da kansa don kada ya lalace, sai da na manna masa ɗan ƙarfen sanyaya. Haka kuma in ana zuba masa manyan fayiloli a jere, saurin rubutunsa yakan faɗi bayan ɗan lokaci.

Mai son saye ya fara duba littafin kwamfutarsa, domin akwai ramin M.2 da SATA kaɗai yake ɗauka, ko ka sa NVMe ba zai gan shi ba.