Sharhi Kan Wata Cibiyar Shirya Matasa Don Intabiyun Koyon Sana'a a Kano

A 'yan shekarun nan yadda ake ɗaukar 'yan koyon sana'a a Kano ya fara sauyawa. A da, uba ko kawu ne zai kama hannun yaro ya kai shi wurin maigida a Ƙofar Ruwa ko a wani gareji na unguwa, a gaisa, a ce ga amana, a shafa fatiha, washegari yaro ya fara zuwa. Wannan hanya tana nan har gobe, amma masana'antun Sharada da Bompai da Challawa, da ma ƙananan kamfanonin da ke haɗa sola a gidaje da shaguna, da yawansu yanzu takardu suke nema, su sa rana, su zaunar da yaro gaban mutum biyu ko uku a yi masa tambayoyi. Daga nan ne aka samu cibiyoyin da ke karɓar kuɗi domin su shirya matasa kafin ranar intabiyu. Na biya wa ɗan yayata kuɗin shiga ɗaya daga cikinsu da ke yankin titin Gidan Zoo, na kuma nemi izinin zama a bayan aji domin in ga abin da ake koyarwa. Ba zan ambaci sunan wurin ba, tun da akwai abubuwan da zan yaba, akwai kuma waɗanda zan soka.

Yaron ya gama kwalejin fasaha ta gwamnati, yana da takardar NTC, wato shaidar kammala karatun fasaha, ta hukumar shirya jarrabawar sana'o'i ta NABTEB a fannin wayarin, kuma wani kamfanin lantarki da sola ne ya kira shi domin gurbin ɗan koyo. Cibiyar ɗaki biyu ce a saman bene: ɗaya shagon kwamfuta ne inda ake buga takardu da ɗaukar hoto, ɗayan kuma aji ne mai benci da allo da wani dogon tebur da aka jera kayan aiki a kansa. Kuɗin horon na mako guda ne, ana biya gaba ɗaya a ba da rasit, amma kuɗin hoto da na buga takardu daban ne, kuma ba a faɗa mana haka ba sai da muka zo karɓa. Ya kamata su riƙa bayyana wannan tun farko, domin yawancin masu kawo 'ya'yansu nan a lissafe suke da kuɗinsu.

Aikin farko da suka yi shi ne tantance takardu, kuma sun yi shi da kyau. Sun sa kowane ɗalibi ya kawo takardar NIN, da ta haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon jarrabawa, suka jera su suna duba ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai a kowace. Wanda bai taɓa fuskantar wannan matsala ba zai ɗauka ƙaramin abu ne, alhali matasa da yawa a makaranta an rubuta su da sunan gari ko na kaka, a NIN kuma da sunan mahaifi, kuma ma'aikacin da ke da tarin masu nema a gabansa ba zai tsaya warware wannan ba. Sun kuma yi wa ɗaliban bayanin takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga aji na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, suka nuna cewa wanda ya koyi aiki a hannun maigida ba tare da makaranta ba zai iya nemanta ya samu shaidar da zai nuna. Haka nan sun ja kunne a nemo wanda zai tsaya wa yaro tun da wuri, a sanar da shi, a karɓi lambar wayarsa da yardarsa, kada kamfani ya kira shi ya ce bai san da maganar ba.

Takardar bayanin kai, wato CV, ita ce ba ta gamsar da ni ba. Akwai wani tsari guda da ke ajiye a kwamfutarsu, suna sauya suna da kwanan wata kawai, sauran kuwa manyan kalmomin Turanci ne na yabon kai, cewa mai takardar gwani ne wajen jagoranci da tsara manyan ayyuka. Yaron da bai wuce shekara ashirin ba, wanda yake neman a koya masa aiki, me ya haɗa shi da wannan iƙirari? Na tambaye shi ma'anar layi biyu daga ciki, ya kasa faɗa, kuma da mai intabiyu ne ya tambaye shi, da tun daga nan an fara shakkar gaskiyarsa. Na nemi a goge, a rubuta abin da ya taɓa yi da hannunsa: wayarin ɗin shago da ya taya wani maƙwabci, gyaran fanka da dutsen guga, da aikin da ya yi a ɗakin gwaji na makaranta. Sun gyara ba tare da gardama ba, ta koma shafi ɗaya, sai dai sauran ɗaliban da babu babba a tare da su haka suka tafi da tasu.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba shi ne malamin da ke ɗaukar darasin ganawa, wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin lantarki a masana'anta kafin ya yi ritaya. Ya fahimci ainihin matsalar yaranmu. Mun tarbiyyantar da su a kan cewa idan babba yana magana a sunkuyar da kai, a taƙaita amsa, kada a yabi kai, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau wadda ba na fatan mu rasa ta. Amma yaron da aka yi wa tambaya biyar ya amsa da "e" da "a'a" yana kallon ƙasa, mai ɗaukar aiki ba shi da hanyar sanin abin da ke cikinsa. Dattijon bai ce su yar da kunya ba. Ya koya musu su yi sallama, su gaisa da ladabi, su jira a ce su zauna, sannan idan an yi tambaya su ɗago kai su yi magana da muryar da za a ji daga ƙarshen tebur. Ya riƙa maimaita musu cewa faɗin abin da ka iya a wurin da aka tambaye ka amsa tambaya ce, babu alfahari a ciki. Na ga yadda ɗan yayata, wanda a gida da ƙyar ake jin muryarsa, ya kai ga iya bayanin kansa cikin jimloli biyar ko shida: inda ya yi karatu, abin da ya koya, aikin da ya taɓa yi, da dalilin da ya sa yake son wannan fanni.

Wani darasin da ya burge ni shi ne na amsar abin da mutum bai sani ba. Malamin yakan jefa wa ɗalibi tambayar da ya tabbata ta fi ƙarfinsa, ya zuba ido. Wanda ya fara kame-kame sai ya tsayar da shi ya ce, "Ɗana, a aikin wuta mai ƙirƙirar amsa shi ne ke kashe mutane." Amsar da yake so ita ce yaro ya ce bai kai nan ba tukuna, ya faɗi iyakar abin da ya sani a kusa da batun, ya nuna yana son a koya masa. Hujjarsa ita ce kamfanin da ke neman ɗan koyo ya riga ya san ba gwani zai samu ba; abin da yake auna shi ne gaskiya da kiyaye lokaci da jin magana da kula da lafiyar kai da ta abokan aiki.

A kan dogon teburin nan ake yin gwajin hannu. Akwai filaya da sukudireba da tasta da mita, da guntayen waya da soket da makunni. Yakan ɗaga waya ya tambayi kaurinta da inda ake sa ta, yana jiran a ce mai 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 kuma ta soket. Yakan tambayi launuka, domin a gidajenmu ana tarar da tsohon tsari na ja da baƙi da kore, ana kuma tarar da sabo na ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, kuma dole ɗan koyo ya san wacce ce mai wuta a kowane tsari. Da ya ji cewa kamfanin da ya kira yaronmu yana aikin sola, sai ya ƙara masa lissafin batir: idan aka haɗa batir biyu masu volt 12 da ƙarfin ajiya 200 a jere, za a samu volt 24 ajiyar tana nan a 200, idan kuma aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, volt zai tsaya a 12 ajiyar ta koma 400. Tambayar da ya fi nanatawa ita ce abin da za ka fara yi kafin ka taɓa waya, kuma ba ya karɓar amsar da ta tsaya a kashe wuta daga babban makunni. Sai an ƙara da gwadawa da mita a tabbatar babu wuta, a kuma sanar da na kusa kada wani ya kunna.

Inda na saɓa da cibiyar a wannan ɓangare shi ne dokarsu ta hana Hausa a lokacin gwajin ganawa. Na fahimci dalilinsu, domin wasu kamfanonin da Turanci suke farawa, kuma sunayen kayan aiki da yawa da Turanci suke. Amma na ga yara da suka san aiki sarai suna daburcewa saboda neman kalma. Da an bar yaro ya fara bayani da Hausa har tunaninsa ya daidaita, sannan a taimaka masa ya mayar da shi Turanci mai sauƙi, da an fi samun sakamako. A ganawar da ɗan yayata ya je ma, da Turanci aka buɗe, amma da aka zo bayanin aiki injiniyan da kansa ya juya Hausa.

Shawararsu kan sutura mai ma'ana ce: kada a ari kwat, a sa riga da wando masu tsabta ko kaftani marar yalwar hannu, da takalmi rufaffe, saboda ana iya cewa a shiga wurin aiki a nuna wani abu. Sun ce a je a ga wurin tun kafin ranar, a san inda adaidaita sahu ke sauke mutum, a isa da wuri, a kashe waya. Yaron ya bi duk wannan, tambayoyin da aka yi masa ba su yi nisa da waɗanda aka gwada shi da su ba, kuma an ɗauke shi na gwaji.

Babban giɓin da na gani shi ne ba su koya wa ɗalibai komai game da haƙƙinsu ba. Da wani ɗalibi ya tambayi ko zai iya yin maganar alawus, sai mai cibiyar ya ce kada a kuskura a ambaci kuɗi. Na yarda bai dace yaro ya buɗe baki da maganar kuɗi ba, amma idan aka ce masa yana da tambaya, ya halatta ya tambayi tsawon lokacin koyon, da ko akwai kuɗin mota, da wanda zai sayi hular kwano da safar hannu da takalmin kariya, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan aka ji rauni, da irin takardar da za a ba shi ranar yaye. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce take, ba ta wuce shekara biyar, wanda ya kai shekara 16 yana iya ƙulla ta da kansa, kuma jami'in ƙwadago ne ke tabbatar da ita. Cibiyar da ke karɓar kuɗi da sunan shirya 'yan koyo ya kamata ta san wannan ta kuma sanar. Ba su kuma gargaɗi yaran game da masu neman kuɗi da sunan sayar da gurbi ba, ba su ambaci hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, da aka kafa a 1986 da shirinta na tura matasa wurin masu sana'a ba, balle asusun ITF na gwamnatin tarayya da ke horar da ma'aikata tun 1971, alhali wanda bai dace a wannan karo ba yana buƙatar sanin wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Matashin da ya iya aiki amma bakinsa ke da nauyi, ko wanda babu wani a gidansu da ya taɓa zama gaban masu ɗaukar aiki, zai amfana da wannan wuri. Wanda kuwa yake da yaya ko kawu a cikin sana'ar da zai zauna da shi ya yi masa tambayoyi da gaske, zai iya samun mafi yawan wannan a gida. Mai niyyar biya ya fara tambayar wanda zai koyar da darasin gwajin hannu da sana'ar da ya yi, domin dattijon nan ma'aikacin lantarki ne, kuma ɗaliban da suka zo neman gurbin kanikanci da walda ba su samu irin zurfin da ɗan yayata ya samu ba.