Hayar motar gida a San Diego: kamfanin ya yi ƙoƙari, amma ku san dokar titi kafin ku karɓi makulli

Masu tambayata yadda mukai da motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake ce ma RV, ga bayani nan. In tauraro biyar ake bayarwa ni huɗu zan ba kamfanin, kuma ba don kyan motar ba, motar dai ba laifi, abun da ya saye ni shi ne matar da ke kan teburinsu wadda ta ƙi miƙa min makulli sai da ta zaunar da ni ta karanta min dokar titin garin nan tun daga kan fakin har zuwa fitar yara da daddare. Ƙaramin kamfani ne na iyali a wajen El Cajon, wani gari da ke gabashin San Diego, miji na gareji mata na ofis, motocinsu ba su da yawa, don haka in lokacin hutun makaranta kake so sai ka kama da wuri.

Wadda muka ɗauka irin mai kan babbar mota ce da gado a saman direba, tsawonta wajen ƙafa 25. Ba ka buƙatar wani lasisi na daban, a California lasisin mota na kullum ya isa tuƙa irin wannan har mai tsawon ƙafa 40. Tuƙin kamar na Coaster ne, sai dai ta fi faɗi, kuma madubin tsakiya ba ya maka amfanin komai, da na gefe da kyamarar baya kawai za ka dogara. Maigidan ya sa na zagaya da ita cikin filinsu na yi ribas tsakanin robobi kafin ya bar ni na hau titi, wannan na yaba masa sosai.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Su da la'asar suke ba da mota, da safe suke karɓa, kuma ba mai iyali da zai karɓi mota da la'asar ya loda kaya da abinci da yara ya kama hanya a ranar. Dole ta kwana a ƙofar gida. Tambayar farko da matar ta min ke nan, a wane gari adireshinka yake? Na ce cikin San Diego. Ta ce to ka sani tun 2014 garin ke aiki da dokar da ta hana ajiye motar gida a titin gwamnati daga ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe, haka ma duk wata babbar mota da ta wuce ƙafa 27 a tsawo da ƙafa 7 daga ƙasa zuwa sama, da tirelar da ba'a haɗe da mota ba. Kuma ko da rana tsaka ba'a yarda ka ajiye ta ƙasa da ƙafa 50 daga mahaɗar titi ba, saboda tana tare ma masu fitowa daga kwana gani. Lokacin da aka fara dokar tarar dala 100 aka sa, kuma ta ce a yarjejeniyarsu duk tikitin da ya hau motar kai za ka biya, in janwe ta ja ta ma kai ne.

Mafita ita ce takardar izini ta wucin gadi da ake cira a shafin hukumar gari a intanet. Kowace ɗaya awa 24 take yi, za ka iya haɗa uku a jere, kuma a shekara adireshi ɗaya ba zai wuce 72 ba, sannan dole motar ta tsaya a layin gidanka ba layin wani abokinka ba. Matar nan ta juyo min da kwamfutarta ta nuna min inda zan buɗe asusu, ta rubuta min lambar motar a bayan katinsu da babban rubutu, ta ce in tabbatar na buga takardar na ajiye a gilashin gaba ta gefen da mai sintiri zai gani ba sai ya leƙa ba. Shawararta da ta fi amfani ita ce kar ka bari sai ranar karɓar mota sannan ka fara rajista, don sai an tantance cewa kai mazaunin wurin ne. Tun ranar da na je biyan kuɗin kama mota ta faɗa min haka, shi ya sa ranar ɗauka komai nawa a shirye yake.

Ta kuma ja min kunne a kan abun da baƙi ba sa ganewa: El Cajon gari ne mai zaman kansa, haka La Mesa, haka Chula Vista da National City, kowa da majalisarsa da dokar fakin ɗinsa, duk da in kana tuƙi ba za ka san ka fita daga wannan ka shiga wancan ba. Izinin San Diego ba zai maka aiki a ƙofar gidan ɗan'uwanka a Chula Vista ba. Sannan ga dokar awa 72 wadda ta shafi kowace mota ƙarama ko babba, ba'a barin mota a wuri ɗaya a titi fiye da haka ba tare da an gusa da ita ba.

Daga nan ta kalli takardar da na cike ta ga akwai samari biyu a tafiyar, ɗana da ɗan ƙanwata, duka ba su kai 18 ba. Ta ce kun san dokar dare ko? Wallahi ban taɓa ganin mai sana'ar hayar mota da ya damu da wannan ba. A cikin San Diego duk wanda bai kai shekara 18 ba bai da izinin zama a titi ko filin shaƙatawa ko bakin ruwa ko harabar shago daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kowace rana, har Asabar da Lahadi. Mu da muka taso a gida mun san dokar hana fita sai in rikici ya tashi gwamna ya sa ta, nan kuwa zaunanniyar doka ce ta kullum a kan yara. Kuma tsohuwa ce, asalinta tun 1947, har a 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke waccan ta farkon a shari'ar Nunez saboda ba ta fayyace abun da ta hana ba kuma ta shiga haƙƙin yara da iyayensu, sai gari ya sake rubuta ta da togaciya. Yanzu yaro na da uzuri in yana tare da iyayensa ko babban da aka damƙa shi a hannunsa, ko aiken iyaye ya fito kai tsaye ba ratse, ko yana wurin aiki ko hanyar dawowa, ko wani abu na gaggawa ya taso, ko yana bakin titin ƙofar gidansu, ko taron makaranta ko na addini da manya ke kula da shi. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai, don a bazara isha'i na kaiwa bayan ƙarfe 9, kafin a gama a gaisa a fito daga masallaci goma ta gota, balle tarawihi. Yaro na da kariya in gida ya nufa, amma in ya tsaya hira da abokai a gaban kanti shi ke nan ya fita daga uzurin.

Me ya haɗa wannan da motar haya? Ta ce ta sha gani, iyali su je sansanin da ke Mission Bay su kafa mota, manya su kwanta da wuri don gajiya, samari su sulale su tafi wajen filin wasanni na Belmont Park da bakin ruwan Mission Beach suna ganin ai hutu suke, alhali duk wurin nan cikin gari ne kuma 'yan sanda na zagaye. Kuma ba yaron kaɗai abun ke shafa ba, iyaye ma ana iya tuhumarsu in da saninsu. Ni dai da na dawo na tara su na faɗa musu, ɗan ƙanwar tawa ya ce, Kawu ko ƙanƙara za mu sayo a shagon kwana ma? Na ce in ni na aike ka kuma ka je ka dawo ba tsayawa doka ta yarda, amma ba na son ka tsaya kana ma ɗan sanda bayani da sha ɗayan dare, duk abun da za'a saya a saya kafin goma. Mu baƙar fata ne a ƙasar mutane, duk wata ƙofa da za ta haɗa yaranmu da 'yan sanda cikin dare gara a rufe ta tun da rana, wannan ra'ayina ne kuma ba na jin kunyarsa.

Motar kanta fes muka same ta, ba warin sigari ba na kare, katifu da riguna wankakku, murhun gas mai kai uku na aiki, firij ma na aiki sai dai yana ɗaukar awanni kafin ya yi sanyi kuma yana son motar ta tsaya daidai ba a karkace ba, don haka ku kunna shi tun daren farko. Suna ba da tukwane da faranti in ka ƙara kuɗi, mu namu muka ɗauka, ba ka san me wanda ya gabace ka ya soya a ciki ba. Banɗakin ƙarami ne ainun, ku tafi da buta, kuma ku sani ruwan tsarki da alwala na mutum shida yana cinye tankin ruwa da sauri fiye da yadda su suke lissafi, mu a famfon sansani muka dinga alwala. Maigidan ya durƙusa a gefen motar da safar hannu ya nuna min yadda ake juye tankunan ƙazanta: ka ɗaura tiyo ka tabbatar ya kama, ka fara jan hannun baƙin tanki na masai, in ya gama sai ka ja na ruwan wanke-wanke ya wanke tiyon. Ya sa na yi da hannuna yana tsaye. Uwargida ta ɗauki bidiyonsa a waya, kuma ya mana amfani.

Mai kuwa tana sha ba wasa, galan ɗaya mil 8 zuwa 10, a hawan babbar hanyar Interstate 8 zuwa gandun Cuyamaca inda muka je ma kana kallon allura na sauka. A can sansanin gandun jihar ba wutar da za ka jona, janareto ne, kuma ƙa'idarsu daga 10 na safe zuwa 8 na dare kawai ake kunna shi.

Tauraro ɗayan da na cire dalili biyu ne. Na farko farashin da ke shafinsu ba shi ne za ka biya ba, akwai kuɗin kowane mil in ka wuce abun da suka yanka, akwai kuɗin awannin janareto, akwai inshora, akwai kuɗin shirya mota, duk suna cikin takarda ba ɓoye su akai ba, amma sai ka zo sa hannu kake ganin jimillar, kuma mutanen da suka iya bayanin dokar gari dalla-dalla haka ya kamata su iya bayanin kuɗinsu tun a waya. Na biyu rumfar gefe ta maƙale mana ta ƙi naɗuwa da iska ta taso, na kira lambar gaggawar da suka bani ba'a ɗauka ba sai washegari, wani dattijo maƙwabcinmu a sansani ne ya taimaka muka tura ta da hannu. Da muka dawo maigidan ya duba ya ce laifin injin ne, ya ba da haƙuri bai caje mu ko sisi ba, amma lambar gaggawa ya kamata a ce wani na kwana da ita.

Wani abu da ya tsaya min a rai, daren da motar ta kwana a layinmu da takardarta a gilashi, can gaba kusa da gada akwai tsofaffin irinta da mutane ke zaune a ciki, ba hutu suke ba, hayar gida ce ta fi ƙarfinsu. Su ba su da adireshin da za su ciri wannan izinin da shi. A 2019 gari ya kafa dokar hana kwana a cikin mota a titi, ya kuma buɗe filayen kwana, akwai na Mission Valley da ƙungiyar Jewish Family Service ke kula da shi wanda ke karɓar irin waɗannan motoci. Na san dalilin dokar, titi ya matse kuma masu gida na kuka, amma ka sani izinin naka na ajiye mota ne da loda kaya, ba na mai da ita ɗakin baƙi ba, kar ka saukar da surukai a ciki a kan titi.

Zan koma wurinsu in Allah ya kaimu hutu mai zuwa, sai dai zan nemi su rubuta min jimillar kuɗi tun kafin na biya na kamawa. Kuɗin jinginar da suka riƙe a katina ya dawo cif ba'a taɓa ba, amma ya haura mako kafin ya shigo, don haka kar ku ba su katin da kuke biyan kuɗin hayar gida da shi.