Sharhi kan ma'ajiyar kwafi ta Windows: Win+V na da amfani, amma a san iyakarta

Duk mai aiki da kwamfuta ya san Ctrl+C da Ctrl+V, dabarar kwafi da liƙawa da Larry Tesler da Tim Mott suka assasa a cibiyar binciken Xerox PARC ta Amurka a shekarun 1970. Matsalarta ɗaya ce tun asali: ma'ajiyar abu guda take riƙewa, da ka kwafi na biyu na farko ya tafi. A sabuntawar Windows 10 ta watan Oktoba 2018 Microsoft ta ƙara mata tarihi, kuma yana nan a Windows 11. Na jima ina aiki da shi, kuma ra'ayina shi ne duk mai kwamfutar kansa ya kunna shi yau. Kwamfutar taro kuwa, wannan wata magana ce.

A kashe yake zuwa. Ka danna maɓallin Windows tare da V, ƙaramar taga za ta fito da maɓallin kunnawa, ko ka bi ta Settings, System, Clipboard. Daga nan duk abin da ka kwafa zai jeru, sabo a sama. Abu 25 yake ɗauka, kowanne kada ya wuce megabait 4, kuma rubutu da hoto kawai. Hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da Win+Shift+S ma yana shiga.

Inda ya fi burge ni shi ne kafe abu. Na 26 na shigowa mafi tsufa zai fita, kuma da zarar kwamfuta ta mutu ta tashi, ko da ɗauke wuta ne ya jawo, jerin ya goge. Abin da ka kafe da alamar fil ne kawai ke tsira. Ga mai rubutun Hausa da allon bugunsa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, wannan sauƙi ne babba: ka kafe ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu, ka huta da nemo su kullum. Haka adireshin ofis ko gaisuwar buɗe wasiƙa.

Sai dai wanda bai san yadda kwafi ke aiki ba zai riƙa ɗora wa ma'ajiyar laifin da ba nata ba. Idan ka kwafi sakin layi daga shafin intanet, manhajar ba siga ɗaya take ajiyewa ba: tana ajiye tsuran rubutu, tana kuma ajiye wanda ke ɗauke da launi, girma da mahaɗai. Manhajar da za ka liƙa a cikinta ce ke zaɓar wadda ta iya karantawa. Shi ya sa Notepad ke ba ka rubutu wankakke, Word kuma ya jawo maka kwalliyar shafin gaba ɗaya. Maganinsa Ctrl+Shift+V a Chrome da manhajoji da dama, ko zaɓin Keep Text Only a Word.

Nan ne ma haruffanmu ke lalacewa. Tsohuwar manhajar da ba ta san Unicode ba (tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi) tana karɓar sigar da babu ƙ da ɗ a cikinta, sai su koma alamar tambaya. Wani lokacin kuma ka kwafo daga tsohon fayil ka ga "}asa" maimakon ƙasa, "]aya" maimakon ɗaya. Can asali da salon rubutu na musamman aka buga shi, wanda ya zana harafin Hausa a gurbin wata alama. Ma'ajiya ainihin alamar take ɗauka, ba zanen ba, don haka sai an bi da Find and Replace an gyara.

Fayil kuma ba ya shiga ma'ajiya ko kaɗan. Idan ka kwafi bidiyo daga filas, adireshin inda yake kawai aka riƙe, ainihin kwashewar sai ka liƙa take farawa. Ka zare filas kafin nan, ba abin da za ka samu. Fayilolin ba sa bayyana a jerin Win+V, kuma wannan gibi ne da na so a ce an cike.

Masu aiki da Excel su lura da abu biyu. Abin da ka liƙa daga tarihi sakamakon lissafi ne, dabarar lissafin ba ta biyo shi. Sannan lambar waya mai farawa da 080, ko lambar asusun banki mai farawa da sifili, za ta rasa sifilinta idan ba ka fara mayar da gurbin zuwa Text ba. Lamba mai alƙaluma sama da 15 kuwa, Excel zai mayar da waɗanda suka biyo bayan na 15 sifili. Asusu mai alƙaluma 10 ya koma 9, kuɗin albashi ya ƙi tafiya, ana ta neman inda kuskure yake.

Babban abin da ke damuna shi ne sirri. Kalmar sirrin da ka kwafo daga Notepad ko saƙo tana zaune a jerin a fili. A shagon buga takardu ko na intanet, inda mutum ashirin ke zama kan kwamfuta ɗaya a yini, wanda ya gaje ka yana danna Win+V zai ga NIN ko BVN ɗinka, alƙaluma 11 cif. Masu irin waɗannan shaguna su bar shi a kashe. Kai kuma kafin ka tashi ka danna Win+V, ka zaɓi Clear all, ka duba ko akwai abin da aka kafe, domin gogewar ba ta taɓa shi. Akwai kuma zaɓin haɗa ma'ajiya da sauran na'urorinka ta asusun Microsoft. Idan za ka kunna, ka zaɓi aikawa da hannu, kada komai ya riƙa tafiya kai tsaye.

Wanda abu 25 ya yi masa kaɗan, ko yake son binciko abin da ya kwafa makon jiya, sai ya gwada wata manhajar ma'ajiyar kwafi mai suna Ditto. Kyauta ce, tana ajiye ɗaruruwa a kan faifan kwamfuta, kuma kashewa ba ya goge su, don haka ita ma ba ta kwamfutar taro ba ce.