Kayan sanyin da na siyo a kasuwar Wudil, ga yadda ta kaya

Hutun Disamban nan na kwashi yara muka tafi Wudil wajen Inna, to da yake mun baro Kano a gurguje ban ɗauko musu rigunan sanyi ba, ni a tunanina ai kilomita 40 ne kawai, wane sanyi ne zai bambanta. Ashe na manta gidanmu kusa da kogi yake. Daren farko ƙaramin ya kwana yana tari, da asuba kuwa ruwan buta kamar ƙanƙara, Inna ta ce kai da ka girma a nan har ka manta jaurar bakin gada? Shi ne na jira Juma'a ranar kasuwa na shiga neman gwanjo.

Duk wanda ya san Wudil ya san Juma'a ba a cewa komai, tireloli na lodin shanu a kara, ga masu rake, ga masu dankali da gyaɗa, ga 'yan baro suna ta a ba su hanya, hazo ya rufe ko'ina kowa fuska fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Ni dai na nufi wajen 'yan gwanjo tun wajen tara na safe kuma wannan sammakon shi ya taimake ni, don na tarar wani dattijo yana fasa sabuwar dila ta kayan yara. In ka zo bayan an sauko daga masallaci to sai dai ka tarar da ragowar da mata suka gama tsincewa.

Na zaɓi suwaita huɗu da jaket ɗaya mai hula. Ya ce dubu goma sha takwas, na taya goma ya ce albarka, muka yi ta ja har na yi kamar zan tafi sannan ya ce dawo Malam, kawo sha uku don yaran nan. Ya ƙara min da safa ƙafa biyu gyara. Gaskiya a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano za ka fi samun zaɓi, can ne gidan gwanjo, amma in ka lissafa kuɗin mota da wahalar a daidaita sahu a cikin gari to ba wani bambanci.

Yanzu sati uku kenan yaran na sa su. Suwaitocin wallahi ban da abin cewa, masu kauri ne, an wanke su ya kai sau biyar ba su saki ba, ba su yi zuba ba. Warin nan na gwanjo ne kawai ya ba mu aiki, sai da uwarsu ta jiƙa su a ruwan zafi da Dettol aka shanya kwana biyu kafin ya fita. Jaket ɗin ne zip ɗinsa ya mutu ranar farko, kuma laifina ne, ban ja shi na gani ba a kasuwa, sannan akwai wani tabo a hammata da ban lura da shi ba. Tela ya canza zip ɗin ɗari biyar shi kenan magana ta ƙare.

Inda na ci kwakwa shi ne bargo. Na ce bari in siya wa Inna sabo dal, ba gwanjo ba, don kar a ce na kawo wa tsohuwa kwance. Wani yaro a rumfa ya nuna min irin mai jakar leda da zip ɗin nan, mai zanen fulawa, ya rantse min mai shafi biyu ne, na ɗaga na ji nauyi na biya dubu ashirin da biyu. Sai a gida muka buɗe muka ga kwali ne aka naɗe a tsakiya, bargon kansa shafi ɗaya ne, in ka ɗaga shi a rana kana hango mutum ta ciki. Wankin farko ruwan ya koma ja, gashinsa kuma ya bi ya manne wa duk kayan da ke ɗakin. Inna ba ta ce komai ba sai Allah ya yi albarka, amma na ga ta koma kan tsohon gwadonta na saƙi da ya girme ni, shi kuma sabon ta shimfiɗa wa jikoki a ƙasa.

Na koma Juma'ar da ta biyo, yaron ya ce wai haka kamfani ke kawo su shi ma bai buɗe ba, kuma kayan da aka wanke ba a mayarwa. Ban tsaya hayaniya ba.

Wani abu kuma, ku tafi da tsabar kuɗi. Dattijon gwanjon ba ya karɓar transfa, sai da na bi layin mai POS ya cire nasa, netwok kuma ranar kasuwa sai a hankali, na fi minti ashirin ina jiran alat a wajen mai bargo. A hanyar dawowa na tsaya bakin gada na siyi soyayyen kifi da man kaɗe na faso, man kaɗen kam mai kyau ne, har na yi wa maƙwabciyarmu tsaraba da shi.