Kamus mai faɗin asalin kalma ko littafin haddar manyan kalmomi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka saya don sanin kalmomin Turanci, kamus mai faɗin asalin kalma ko littafin haddar manyan kalmomi. Biyun duk sun taɓa shiga hannuna, kuma kamus ɗin zan ce ka saya, kada ka yi wani dogon tunani.

Nawa kyauta ce daga kawuna, tsohon malamin firamare. Concise Oxford ne, bangonsa ya salube har an liƙe shi da salatif. Ranar da ya ba ni, ya buɗe kalmar transport, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe na bayaninta, ya ce nan zan riƙa dubawa. Ashe daga Latin take: trans ƙetarewa, portare ɗauka. Kafin in tashi daga tabarmar, import da export da portable da porter sun zame mini 'yan gida ɗaya. Wanda ya taɓa sarfu a Islamiyya ya san dabarar nan, ka riƙe kaf da ta da ba, sai kitab da katib da maktaba su biyo ka. Dogayen kalmomin Turanci haka suke, yawancinsu daga Latin da Girkanci, da dama kuma ta hanyar Faransanci suka shigo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce alcohol. Daga Larabci take, al-kuhl, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido. Sugar kuwa ta ratsa ta sukkar, sukarinmu ke nan. Malaria daga Italiyanci mala aria, muguwar iska, domin mutanen wancan zamanin iskar fadama suke zargi, ba sauro ba. Tun ranar, duk inda na ga mal a farkon kalma, malnutrition ko malpractice da ake ta faɗa lokacin jarrabawa, na san ba alheri.

Littafin haddar kuwa, a tasha na saye shi. Na haddace shafi uku, bayan sati biyu sun bi iska. Zai iya yi maka rana idan jarrabawa jibi ce, iyakarsa ke nan.

Amma ka kula, asali yana nuna hanya ne, ba ya yanke hukunci. Nice daga Latin nescius take, ma'ana jahili, yau kuma yabo ce. Ka karanta ma'anar yanzu da jimlar misali tukuna, sannan ka gangara wurin asalin.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: jabun kamus ya cika kasuwa. Bango fes cikin leda, ciki kuwa rubutu dishi-dishi, wani wurin shafi goma sha shida sun ɓace ko an maimaita su. Idan mai shago ya hana ka yage ledar, ka bar masa kayansa. Idan ya yarda, ka bi lambobin shafi a tsakiya, ka kuma buɗe kalma ɗaya ka tabbata akwai layin asali, don ƙananan kamus na 'yan makaranta galibi ba sa kawo shi. Kafin kuɗin su haɗu, Etymonline, shafin intanet mai faɗin asalin kalmomin Turanci, kyauta ne a waya, data kaɗan yake ci.